Injin Mairama Yana Kan Teku

Ranar da Dalhatu ya dawo daga birnin bakin teku, har zakara aka yanka a gidan Malam Maharazu. Ƙungiyar manoman tumatir ce ta tura shi wata ƙasa, baje-kolin kayan noman zamani, kwana biyar. Da jaka ɗaya ya tafi, da jaka ɗaya ya dawo, sai dai ta dawowar ta fi sauƙin ɗauka. Da aka zazzage ta a tsakar gida, ga silifas fari na otal, ga ƙananan sabulai, ga tawul mai tambari. Mata suna ta juya su suna sa albarka. Yayarsa Mairama kuwa tana zaune a bakin rijiya, tana jiran a zo kan maganar injinta.

Gonar Mairama tana can wutsiyar kanal, gefen Bunkure, a ɗan tudun da ruwa ba ya hawa da ƙafarsa. Sai an ja shi da inji daga magudana. Injin da marigayi mijinta ya bar mata tsoho ne, yana tari yana hayaƙi, amma shekara tara bai taɓa barin tumatirinta da ƙishi ba. Ana saura kwana uku tafiya Dalhatu ya zo ya tsuguna a gabanta, ya ce a can akwai na sola, rana ce za ta riƙa yi mata aiki kyauta, ita da sayen fetur har abada. Shi ya sayar da tsohon da hannunsa, shi ya sa kuɗin a katinsa na banki. Tumatir yana sati biyar da dashe, ya fara ɗaura fure.

Sai da baƙi suka watse ta same shi a ɗaki.

"Dalhatu, ina injin?"

"Haba Yaya, ki bari mutum ya sha ruwa mana."

"Ka sha tun ɗazu, har da romon zakara. Tumatir ne bai sha ba."

Ya tashi ya tura ƙofa. Ya laluba aljihu ya ciro wani abu ya ɗora mata a tafin hannu: kwabo ne na roba, shuɗi da zanen fari a gefe, bai fi murfin jarka ba.

"Mene ne wannan?"

"Ki riƙe shi da kyau. Wannan da kike gani ya kai rabin injinki."

Daga nan bayani ya ɓalle. Otal ɗin da aka sauke su, a ƙasansa akwai wani makeken ɗaki, kafet kamar ka kwanta, fitilu kamar gidan biki. Shi dai hanyar ɗakin cin abinci yake nema. Wasu masu baƙaƙen kwat suka tare shi da murmushi, suka ba shi kujera, suka kawo lemo mai sanyi, suka ce kyauta ne. Suka ba shi irin wannan kwabon guda biyar, suka ce shi ma kyauta ne, tukuicin baƙo. Da ya ɗora ɗaya a tebur, ƙwallo ta zagaya, sai ga shi an turo masa tuli.

"To da aka turo maka, me ya hana ka tashi?"

"Yaya, ke ma kin san ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Ka sha na mutane, ka zauna a kujerarsu, suna ce maka Ciyaman, sannan ka kwashe musu dukiya ka kakkaɓe riga ka fita? Na ce bari in ɗan zauna su rama kaɗan, in tashi da mutuncina."

"Suka rama?"

"Sun rama."

A kusurwar ɗakin kuma akwai injin cirar kuɗi, an ajiye shi daidai inda mai neman ramawa zai gan shi. Ɗakin ba taga, ba agogo. Dalhatu mutum ne da ya saba ɗaga kai ya dubi rana ya san lokacin ban ruwa ya yi. A can ya ɗaga kai, fitila ya gani. Da ya fito yana tambayar motar zuwa baje-koli, aka ce masa an rufe tun jiya. Kwabo ɗaya ya rage a aljihunsa, bai mayar an canza masa ba, wai ya bari sai ya zo Kano wurin 'yan canji. Da ya sauka ya kai musu, ɗaya ya kira ɗaya suka taru suna kallo, daga ƙarshe wani dattijo ya tausaya masa ya ce wannan ba ya ci sai a gidan da aka buga shi.

"Amma a can, Yaya, wallahi irin wannan a minti ɗaya yana haifar goma. Kuskuren baƙunta ne kawai. Yanzu ai na gane kan abin."

Mairama ta dubi kwabon. Ba ta san me ya sa ta ƙulle shi a bakin zane ba. Wataƙila don shi kaɗai ne abin da ya rage na injin mijinta.

Bayan la'asar suka gurfana gaban Baffa Malam Maharazu, ƙanen mahaifinsu, a zauren makarantarsa ta Islamiyya. Dalhatu ya yi kuka mai kyau, har da sheshsheƙa. Baffa ya yi masa faɗa mai kyau shi ma, da ayoyi, na kusan minti goma. Sannan ya juyo wajen Mairama, nan ne aka daɗe.

"Mairama, ke ce babba. Kin ga yaran nan da ke shigowa zauren nan safe da yamma? Sunan gidan nan iyayensu suka duba suka kawo su. In kalmar caca ta fita daga bakin ƙofar can, ba Dalhatu za a ce ba, ɗan gidan Malam za a ce."

"Baffa, in an tambaye ni injin fa?"

"Ban ce ki yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Ki dai yi shiru. Dalhatu zai yi bayani."

"Na riga na ce ta jirgin ruwa zai zo," in ji Dalhatu yana share hanci. "Yana kan teku."

Baffa ya dubi rufin zaure kamar bai ji ba.

"To Baffa, ko za a ara mini naka, ko da kwana ɗaya a sati?"

"Nawa yana kan albasa. Kin san albasa, ba ta da haƙuri irin na tumatirinku. Bari dai mu ga sati mai zuwa."

Washegari da hantsi ta tafi gona da bokiti biyu. Daga magudana zuwa fangalin farko taku arba'in ne, ta hau ta sauka. Ƙasar tana shanye bokiti kafin ta juya baya. Maƙwabcin gonarta, Nasiru, magidanci mai fara'a, yana tsaye kan injinsa yana gyara tiyo.

"Yaya Mairama, barka da arziki! An ce kin zama mai sola. Mu da muke ta fama da fetur sai ki riƙa tunawa da mu."

Ta yi murmushin da aka umarce ta.

"Yana ina yanzu?"

"Yana hanya," ta ce, ta sunkuya ta ɗebi ruwa.

A wannan satin manoman wutsiyar kanal suka zauna rabon kwanakin injin haɗaka da ƙungiya ta saya wa marasa inji. Da aka zo kan sunanta, wani ya ce ai ita nata yana kan teku, a ba mai buƙata. Aka tsallake ta. Labarin a bakin rijiya ya same ta, wajen matan da suka zo taya ta murna.

Ranar farko ta shayar da fangali goma. Rana ta huɗu, bakwai. Zafi ya fara shigowa, ganye yana lanƙwasa tun kafin azahar. Ta tsaya ta dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ta yanke hukuncin da ba ta taɓa zaton za ta yanke ba: ta sallama rabin da ke nesa da ruwa. Kwana uku tana wucewa ta gabansa ba ta juya kai, kamar mai wuce wanda ta yi wa laifi. Furen can ya zube, ya yi rawaya a ƙasa. Mariƙin bokiti ya yanke mata yatsu, ta naɗe su da tsumma. Bayanta ya riƙe, har ta koma yin sallar la'asar a zaune.

Dalhatu bai leƙa gonar ba ko sau ɗaya. Da ta aika a kira shi, matarsa Aziza ce ta zo, da 'yar kwanon fura a hannu.

"Yaya, wallahi ki tausaya masa. Ya ce in ya ga gonar nan zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Kin ga yadda ya rame kuwa? Ko tuwo sai na matsa masa yake ƙara na biyu."

"Bokiti ɗaya nake so ya ɗaukar mini, Aziza. Ya rufe ido in ya so."

"In aka gan shi da bokiti ai an gane babu injin. Ke ma ki duba. Kuma mutanen can su ne mugaye, Yaya. Mutum baƙo, bai san gari ba, a sa shi a ɗakin da ko taga babu?"

Mairama ta sha furar, don tana jin yunwa.

Sati mai zuwan da Baffa ya ambata ya zo. Ta same shi yana duba allunan yara. Ya saurare ta da kyau, yana gyaɗa kai. Ya ce albasa ta shiga lokacin da ba a wasa da ita. Ya ce ya sa ɗalibai sun yi mata addu'a ta musamman jiya, kuma zai sa a maimaita. Ya ce abin da take yi jihadi ne, rufin asirin ɗan'uwa ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah. Ya ba ta dabino uku.

"Baffa, tumatirin mutuwa yake yi."

"Tumatir ana sake dasa shi baɗi. Sunan gida fa?"

Ta fito da dabinonta a hannu. Ta tuna cewa baɗin da yake faɗa, da kwandunan bana ake shiga shi: da su take cika rumbu, da su take sayen iri da taki. Ba ta da albasa, ba ta da makaranta. Amma ba ta koma ta faɗa masa ba, don ya sani.

Kwana na goma sha tara, tana hawowa daga magudana da bokiti a ka, ƙafarta ta zame. Ta gangara ta faɗa cikin taɓo, bokitin ya bi ruwa. Ta daɗe a zaune a wurin, ruwa har ƙugu, tana kallon bokitin yana tafiya a hankali. Ruwa dai ga shi, ya ishi gona goma. Nasiru ne ya rugo ya miƙa mata ƙotar fartanya ta kama ta fito.

"Sannu Yaya Mairama, sannu. Wai har yanzu jirgin nan bai iso ba?"

Ta zauna a kan kunyar gona, zanenta yana ɗiga. Ta kwance bakin zanen da yatsun da suka kumbura, ta miƙa masa kwabon.

"Ga injin, Nasiru. Babu wani jirgi. Caca Dalhatu ya yi da kuɗin."

Ta jira ya yi salati. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da babban yatsan ƙafa.

"Ai mun sani, Yaya."

"Kun san me?"

"Duka. Tun kwana biyu da dawowarsa. A teburin mai shayi yake ba da labarin, kullum da safe, har lamba yake sa musu. Wai kuskure na ɗaya, kada ka karɓi lemon kyauta. Na biyu, ka shiga da agogonka. Na uku, ka bar katin banki a ɗaki. Na huɗu, in ka ci ka tashi, can ba a san kara ba. Sun kai takwas yanzu. Har shayi ake saya masa don ya maimaita."

"Masu rabon injin ƙungiya ma sun sani?"

"Shi wanda ya ce a tsallake ki, a kusa da Dalhatu yake zama."

Mairama ta dube shi, ta dubi injinsa da ke ta bugawa taku ashirin daga gonarta, ruwa yana malala har yana zubewa a hanya.

"Kwana goma sha tara kana kallona da bokiti."

"Yaya, ki yi mini adalci. Gidan Malam sun ce inji yana kan teku. In na ɗauko nawa na kawo miki ba ki tambaya ba, ai na tsaya a bainar jama'a na ce Malam maƙaryaci ne. 'Ya'yana uku a makarantarsa suke. Shi ya sa kullum nake tsokanar ki da maganar sola, ko za ki buɗe baki in samu hanya. Ke kuma sai ki ce yana hanya."

"Ce mini aka yi in yi shiru."

"Mu ma shirun muka taya ki."

Bai jira ta sake magana ba. Ya kashe injinsa, ya kinkimo shi, ya ja tiyo har cikin gonarta. Ruwa ya shigo da ƙarfinsa, ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya, ya cika su taf, yana kewaya karare masu launin ƙasa waɗanda ko motsi ba su yi ba. Tana tsaye tana kallo har ya kai ƙarshen gona, rabin da ta sallama, inda ya tafi da busasshen fure a bisa kansa. Fangali uku na bakin magudana ne kawai suka farfaɗo. Abin da aka tsinka a cikinsu daga baya bai cika kwando biyu ba.

Kafin la'asar labari ya kai zaure cewa an ga injin Nasiru a gonar Mairama. Baffa bai kira ta ba, Aziza ya aiko. Wai ya ji abin da ta yi, kuma ya bar ta da Allah. Gida ya rufa wa ɗansa asiri, ita ta je ta kwance shi a bakin magudana, a gaban bare, saboda tumatir. Ko ɗalibi ɗaya ba a cire daga makarantar ba, amma wannan bai shiga cikin saƙon ba. Matan gidan suka rage gaisuwa. A wajen suna da aka yi a satin, an ji wata gwaggo tana cewa Dalhatu dai kuskuren baƙunta ya yi, kowa zai iya yi, amma Mairama da girmanta, a garinsu, ta kasa haƙurin sati uku.

Dalhatu ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, cikin farar shadda, yana ƙamshi. Ya tsuguna daidai inda ya tsuguna ranar da ya karɓi injin.

"Yaya, ni na yafe miki abin da ya faru. Ɓacin rai ne, na sani."

"Na gode."

"Dama wata magana ce. Ƙungiya za ta sake tura mutum wata mai zuwa, Mudassiru ɗan Ciyaman ɗin ƙungiyar. Na zaunar da shi na karanta masa komai, ba zai yi irin nawa ba. In kin ba ni kwabon nan sai ya tafi da shi."

"Ya canzo mini rabin injina?"

Ya ɗan yi dariya, irin ta wanda ya ga duniya. "Rabin inji me zai yi miki, Yaya? Sau ɗaya kawai zai ɗora shi, a lambar da zan gaya masa. In ya ci ya tashi. Na ce masa ya tashi."

Mairama tana shafa man kaɗanya a yatsunta, ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta gama duka goman.

"Ba ya wurina."

"Kin ba wa?"

"Na shuka shi."

"Kin me?"

"Ka ce yana haihuwa. Na shuka shi a gona, can ɓangaren da ya fara mutuwa. Nasiru ya ba shi ruwa sosai."

"Yaya, don Allah bar wasa. A wane fangali?"

"Na manta. Ka san ni baƙuwar abin ce."

Ya yi magiya, ya yi fushi, ya ambaci zumunci, ya ambaci Baffa. Ta tashi ta ɗauki buta.

Washegari da sassafe masu wucewa zuwa kasuwar Bunkure suka hangi mutum a gonar Mairama, ya naɗe wando har gwiwa, riƙe da fartanya, yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya yana tona gindin matattun karare, yana murza ƙasa da yatsu. Tun da aka yi dashe, ranar ce karo na farko da Dalhatu ya yi gumi a gonar yayarsa, kuma zuciyarsa ta ɗauka sarai. Suka yi masa barka da aiki, ya amsa. Babu wanda ya tambaye shi abin da yake nema. Ɗan gidan Malam ne, kuma ai sun sani.